Zango Uku a Wata Makarantar Renon Yara a Katsina: Abin da Ta Tarar da Abin da Ta Sauya

A jikin katangar makarantar, daga ɓangaren da ke kallon titi, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa duk yaron da aka kawo musu za su mayar da shi haziƙi. Wannan rubutu shi ya fara jan hankalina a bara, lokacin da nake neman inda zan sa yara uku na gidana, kuma shi ne ya kusa hana ni shiga, domin shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da ilimin halittu a sakandare, na kuma san babu makarantar da ke da ikon cika irin wannan alkawari. Duk da haka na shiga, na biya, yaran suka yi zango uku cur. Makarantar tana cikin sababbin unguwannin da ke wajen Ƙofar Ƙaura, amma ba zan ambaci sunanta ba, saboda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma na riga na kai shi gaban masu ita baki da baki.

Yaran uku su ne Hassan da Husaini, tagwayena masu shekara huɗu, waɗanda kamarsu ta kai har kakarsu takan ɗaura wa ɗaya zare a hannu kafin ta bambance su, da kuma Abba, ɗan ƙanwar matata, wanda muka ɗauko riƙo bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu a yankin Batsari. Abba ya girmi tagwayen da wata biyu, amma ranar da aka kawo shi, yana ɗan shekara biyu da rabi, wanda bai sani ba zai ce ƙaninsu ne na nesa. Ya yi fama da tamowa, gashinsa ya yi ja, ba ya magana, ba ya kuka sosai, ba ya neman kowa.

Tun kafin a ɗinka musu kayan makaranta aka raba mini hankali gida biyu. Mahaifiyata ta ce: "Kai dai ka ga dama ka zubar da kuɗinka. Hali zanen dutse ne. Tagwayen nan miskilancin kakansu suka kwaso, har da in'inarsa, shi kuwa wannan bawan Allah abin da aka haife shi da shi ke nan." Hajiya mai makarantar kuma, ranar da na je yankar fom, ta ce: "Malam, yaro farar takarda ne. Abin da muka rubuta shi za ka karanta." Kowacce a cikinsu tana da karin maganar da za ta jingina da ita, domin bakin da ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe shi ne dai ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka kuma wanda ya ce ɗan na gada ya fi ɗan na koya bai manta ba ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Hadisi ma ya taɓo ɓangarorin biyu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa kowane abin haihuwa a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyayensa ne ke karkatar da shi, sun kuma ruwaito labarin mutumin da ya zo yana kokwanton ɗansa saboda launin fatarsa, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi yadda aka yi raƙumi mai launin toka ya fito a cikin jajayen raƙumansa, mutumin ya ce wataƙila jijiya ce ta fizgo shi daga kakanni, sai aka ce masa ɗan nasa ma haka.

Maganar Hajiya ba sabuwa ba ce. A 1924 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Watson, ya bugi ƙirji cewa a ba shi jarirai goma sha biyu masu lafiya, zai iya mayar da kowannensu likita ko lauya ko attajiri ko ma ɓarawo, ba tare da ya damu da zuriyarsa ba, ko da yake shi kansa ya amsa cewa ya wuce abin da hujjarsa ta kai. Maganar Inna ita ma tana da nata gwanin, Francis Galton na Ingila, wanda a 1869 ya bi diddigin gidajen manyan mutane ya ga ɗaukaka tana bin zuriya, sai ya ɗora abin a kan jini, bai ba wa makarantu da dukiya da hanyar da 'ya'yan manya ke tararwa a buɗe nauyin da ya kamata ba. Mu ma nan muna yin wannan kuskure kullum. Idan muka ga ɗan maƙeri ya iya riƙe awartaki tun yana ɗan shekara bakwai sai mu ce gado ne, alhali a bakin zuga-zugi ya yi rarrafe. Kalmar gado a bakinmu tana haɗa abin da ke cikin jini da abin da ke cikin gida, ba ta rarrabe su.

Galton ɗin dai shi ne ya nuna a 1875 cewa tagwaye za su iya raba wannan gardama. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya kusan dukkan ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa kimanin rabi suka haɗa, kamar kowane wa da ƙani. A 1979 Thomas Bouchard na Jami'ar Minnesota ya fara tattara tagwayen da aka raba tun suna jarirai aka rene su a gidaje daban, kuma sakamakon da ya fitar a 1990 ya danganta kimanin kashi 70 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutanen da ya auna, a gwajin kaifin basira, ga gado. A 2015 kuma wasu masana suka haɗa binciken tagwaye na shekara hamsin, wanda ya shafi tagwaye sama da miliyan 14, suka sami cewa idan aka haɗa dukkan siffofi da halayen da aka auna, gado yana ɗaukar kashi 49 cikin 100. Wato Inna ba ta yi ƙarya ba, kuma wannan shi ne abin da rubutun katangar makarantar ya ƙi faɗa wa iyaye.

Sai dai waɗannan alƙaluma suna magana ne a kan bambancin da ke tsakanin jama'a a wani wuri da wani lokaci, ba su ce rabin Hassan jini ne rabinsa tarbiyya ba, ba su kuma ce abin da aka gada ba ya motsi ba. Tsawon jiki yana cikin abubuwan da gado ya fi ƙarfi a kansu, amma matan Koriya ta Kudu sun ƙaru da kusan santimita 20 a cikin shekara ɗari, bayan da abinci da lafiya suka inganta a ƙasar. Manomi ya fi kowa sanin wannan: idan gona ta sami taki da ruwa, bambancin da za ka gani tsakanin kan gero da kan gero na iri ne, idan kuwa rabin gonar fako ne, ƙasar ce za ta fara magana kafin irin. Da wannan ma'auni na auna makarantar. Ban tambaye ta ta sauya irin ba. Na duba ne in ga wace irin ƙasa ce.

Ginin gidan haya ne da aka gyara, ɗakuna shida da tsakar gida mai yashi da bishiyar darbejiya biyu. Akwai tsabta, banɗakunan yara suna da ruwa, akwai sola da ke juya fanka a watannin bazara, kuma mai gadi ba ya sakin yaro ga ɗan kurkura sai ya ga katin da aka ba iyaye. Ajin yaran nawa yana da ɗalibai ashirin da shida, da malama ɗaya da mai taimaka mata. Kuɗin zango na yara uku, idan aka haɗa da na littattafai da kayan wasanni da wani abu da suke kira kuɗin ci gaba, wanda har yau ban ga inda ya ci gaban ba, ya kusa cinye albashina na wata guda.

Abin da na biya kuɗi dominsa, ashe, ba ginin ba ne, malamar ajin ce, wadda yaran ke kira Anti. Mace ce mai kimanin shekara talatin da ta yi karatun koyar da ƙananan yara, kuma ba ta yarda da abin da ke rubuce a katangar wurin aikinta ba, ko da yake ba ta taɓa faɗa mini haka ƙarara ba. A ƙarshen mako na uku ta tare ni a bakin ƙofa ta ce: "Baban tagwaye, yaran nan biyu ba sa son a kira su gaban allo, kuma dukkansu suna sarƙewa a harafi ɗaya. Akwai mai in'ina a gidanku?" Na ce mahaifina da ƙanina. Ta ce to kada a riƙa ƙarasa musu magana a gida, kada a ce su yi sauri, kada kuma a bari manyan yara su kwaikwaye su. In'ina tana bin zuriya, ta fi kama maza, kuma yawancin yaran da suka fara ta suna rabuwa da ita da kansu, amma yaron da ake yi wa dariya yakan koyi tsoron buɗe baki, wannan tsoro kuwa ba a cikin jini yake ba. Abin da Anti ta yi shi ne ta daina tsayar da su su kaɗai, ta riƙa sa su waƙa da karatu cikin rukuni, inda harshe ba ya cika sarƙewa, sannan ta ba Hassan aikin raba alli, Husaini kuma tattara littattafai, domin su riƙa yin magana a kan abin da ke hannunsu ba tare da idon aji a kansu ba. Yau in'inar Husaini ta ragu ƙwarai, ta Hassan tana nan, kuma dukkansu biyun har gobe miskilai ne, baƙo zai yi awa guda a gidana bai ji muryarsu ba. Makarantar ba ta kankare zanen dutsen ba. Abin da ta hana shi ne miskilancin ya rikiɗe ya zama fargaba.

Labarin Abba shi ne inda makarantar ta fi burge ni, kuma a nan ne na fi jin haushin maganar da ake yi cewa haka Allah ya yi shi. Abin da ya same shi ba gado ba ne, yunwa ce da firgici da rashin mai kula a daidai lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa, wato daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu. An ga irin wannan a gidajen marayu na Romaniya bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989. A wani bincike da aka yi a birnin Bukarest a kan yara 136, waɗanda aka fitar aka ba iyayen riƙo sun fi waɗanda aka bari a gidan marayu ci gaban basira, kuma waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu sun fi kowa farfaɗowa. Abba ya zo mana bayan wannan iyaka, don haka ban sa dogon buri ba. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne aikin da aka yi a Kingston ta Jamaika a 1986 da 1987, inda ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartar gidajen yaran da rashin abinci ya tsumburar, sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata wasa da hira da yaro da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka tarar waɗanda suka sami wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kimanin kashi 25 cikin 100.

Anti ba ta san da wannan bincike ba, amma kusan abin da ta yi ke nan. Ta zaunar da Abba kusa da ita, tana ba shi murafen kwalba ya ware ta launi, tana kiran sunan duk abin da ya taɓa, tana jiran ya ɗago ido kafin ta ci gaba. Ta roƙi matata ta riƙa sa masa ƙwai ko ƙosai ko ƙuli-ƙuli a cikin abincin tara maimakon biskit da lemon kwali. A zangon farko bai ce uffan ba. A tsakiyar zango na biyu ya dawo gida yana rera wata waƙar ƙirga, ba daidai ba, amma da ƙarfi, har Inna ta fito daga ɗaki tana tambayar wane yaro ne. Yanzu shi ne mai surutun gidan, shi ke yi wa tagwayen magana a shagon unguwa, kuma na fahimci cewa wannan baki nasa na mahaifiyarsa ne, wadda duk dangi suka sani da barkwanci. Wato halin da ya gada yana nan tun farko, tamowa da kaɗaici ne suka danne shi. Har yanzu shi ne mafi gajarta a ajin, yana kuma bayan tagwayen a gane baƙaƙe, ba zan ɓoye wannan ba. Ba zan kuma danganta dukkan sauyin ga makarantar ba, tun da shekara ɗaya da rabi ya yi yana cin abincin gidana kafin ya taka ƙofarta, kuma yara uku ba sa zama hujjar kimiyya.

Sai ƙorafi. Husaini bahago ne, Hassan ba bahago ba ne, abin da ke faruwa ko a tsakanin tagwayen ƙwai ɗaya, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma a duniya da hagu yake aiki. A zango na biyu na lura yaron ya daina son zane, yana ɓoye hannunsa a ƙarƙashin tebur. Da na bincika sai na gano mai taimaka wa malamar tana buge masa hannu da rula duk lokacin da ya ɗauki fensir da hagu, a bayan idon Anti. Ni ma ina koya masa ci da sha da dama, kamar yadda addini ya umarta, kuma ya koya ba tare da an taɓa shi ba. Amma rubutu wani abu ne daban, kuma dukan yaro ɗan shekara huɗu a kan yadda ƙwaƙwalwarsa ta tsara hannunsa zalunci ne da jahilci a haɗe. Na sami Hajiya a ofis, ta ba ni haƙuri, ta ce: "Malam, wallahi ban sani ba, kuma ba za a sake ba." Ba a sake ɗin ba. Sai dai na fito ina tunanin cewa wanda ya ɗauki yaro farar takarda, dole wata rana ya ga abin da yaron ya zo da shi a matsayin datti da za a goge.

Ƙorafi na biyu shi ne dokar hana Hausa a harabar makarantar. Yaron da bai gama mallakar harshen uwarsa ba, kamar Abba, an ce ya nemi izinin fitsari da Turanci. Iyaye da yawa wannan suke so, shi ne ma abin da ake tallata musu, amma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Na lura Anti tana karya wannan doka a ɓoye idan tana tare da Abba, kuma ina kyautata zaton da ba ta karya ba da bai yi magana a lokacin da ya yi ba.

Na uku shi ne takardar sakamako. A ƙarshen kowane zango ana jera yara 'yan shekara huɗu daga na ɗaya zuwa na ashirin da shida. Hassan ya zo na biyar, Husaini na bakwai, Abba na ashirin da huɗu, da jan biro. Wannan lamba ba ta ce komai a kan yaron da ya shigo bebe ya fita yana waƙa ba, ta dai ba Inna abin da za ta ce: "Ai na faɗa." Gwajin basira a wannan shekaru ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma binciken tagwaye ya nuna tasirin gida da muhalli a kan basira ya fi ƙarfi a ƙuruciya, na gado kuwa yana ƙara bayyana ne yayin da mutum ke girma yana zaɓar wa kansa abokai da abin karantawa. Liƙa wa ƙaramin yaro lambar daƙiƙanci a irin wannan lokaci wani muhalli ne shi ma, domin da ita za a riƙa kallonsa a gida. Na ɓoye takardar Abba, ban bari tagwayen sun gani ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sai na daɗe a kansu ba: aikin gida ya yi yawa ga masu wannan shekaru, lokacin wasa a yashi rabin awa ne kawai, kuma cunkoson babura a bakin ƙofa da ƙarfe ɗaya yana buƙatar mai tsari kafin a buge ɗan wani.

Ga mai tambaya ko ya kai ɗansa, amsata ita ce ya je, amma kada ya tsaya a ofis. Ya nemi a bar shi ya zauna a bayan ajin da za a sa yaron na minti talatin, ya ga ko malamar ta san sunan kowa, ya ga yadda take yi da wanda ya fi kowa shiru, ya tambaya ƙarara me ake yi wa bahago da mai in'ina da mai fitsarin wando, ya kuma tambayi shekara nawa malamar ta yi a wurin, domin albashin irin waɗannan makarantu ba ya riƙe gwanaye. Ni na sake biya wa yaran uku na sabuwar shekara bayan Hajiya ta amince Anti ta wuce da su aji na gaba, an kuma sauya mai taimaka mata. Maganar cire lambobi daga takardar sakamako ta ce sai ta ji ta bakin sauran iyaye a taron da za a yi bayan hutu, kuma na riga na gaya mata zan zo da takardar Abba a aljihuna.